Sallar Matashi da Mudunsa

A shekarar 2000 an yi wa yaran ƙasar Gumel alƙawari biyu. A watan Agusta gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Jihar Jigawa, bayan Zamfara da Kano sun riga sun yi, kuma a shekarar ce aka bai wa Maigatari lasisin zama yankin ciniki maras shinge na kan iyaka, aka ce nan ba da daɗewa ba riɗi da zoɓo da ƙaro da fata za su riƙa fita daga nan zuwa kasuwannin duniya. Jaririn da aka raɗa wa suna a wannan shekara a Gumel ko Gagarawa ko Sule Tankarkar yau ya isa riƙe gida, jaririyar kuwa wataƙila tana goye da na biyu ko na uku. Sun tashi suna jin labarin alƙawuran nan, sun kuma ga yadda kowanne ya kasance: yankin ciniki bai zama abin da aka yi mafarki ba, Shari'a kuma a idon da yawansu ta tsaya a kotu da kamen masu shan giya. Abin da ya dame ni shi ne tun daga farko an ɗauki abubuwan biyu kamar babu abin da ya haɗa su, kasuwa ta 'yan kasuwa, addini na malamai. Da wannan rabon muka yi renon matasanmu, shi ya sa addini ya cika lokutan ibadarsu, amma da ƙyar yake leƙa wurin da suke neman abinci.

Dattawa kan ce yaran zamani ba su da tsoron Allah. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma duk wanda ya zaga masallatan Gumel a goman ƙarshe na azumi zai ga dalili. Matasa ne ke cika sahun tahajjudi, su ne ke shiga i'itikafi, su ne ke shara da shimfiɗa tabarmi da tayar da janareta. Musabaƙar Alƙur'ani tasu ce, makarantun Islamiyya na dare nasu ne, wayoyinsu cike suke da karatun malamai, daga tafsirin marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam zuwa zikirin zawiyoyi. Saurayi ɗan shekara ashirin a yau yakan kawo maka hadisi da sunan littafin da ya fito, abin da kakansa manomi bai taɓa yi ba. Wannan ƙasa kuma ba baƙuwar karatu ba ce. Masarautar Gumel ta daɗe tana fuskantar Barno tun kafin jihadi, kuma al'adar tafiya gabas neman haddar Alƙur'ani ta ratsa kusan kowane gida. Kishin addini yana nan, har ya fi na da fitowa fili. Tambayar ita ce ina wannan kishi yake zuwa idan aka sallame salla aka sa takalmi.

A ƙaddara muna cikin karar Maigatari ranar Alhamis da hantsi. Raƙuma sun durƙusa a gefe guda, bijimai masu dogon ƙaho da aka koro daga Nijar sun cika fili, tireloli sun jeru suna jiran lodi zuwa Kudu. Ga wani saurayi riƙe da igiyar sa, ba nasa ba ne, na wani makiyayi ne da ya kwana uku a hanya. Saurayin ya san san nan ya sha fama da ciwo da damina, ya kuma san da asuba an ba shi gishiri an cika shi da ruwa don cikinsa ya ɗaga. Mai saye ya zo ya danna ƙugu, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya taya, aka ce albarka. Sai wani abokin saurayin ya matso kamar mai sha'awa, ya ɗora dubu ashirin a kan tayin, alhali ko kuɗin akuya babu a aljihunsa. Mai saye ya ji tsoron kada sa ya kuɓuce masa, ya ƙara, saurayi ya rantse da Allah an taya fiye da haka ɗazu, aka sallama. Daga nan ya koma wurin makiyayi ya faɗa masa kuɗin da bai kai na gaskiya ba, ya karɓi la'ada a nan, ya karɓa a can, ya soke rarar a aljihu. Ana kiran azahar ya yi alwala mai kyau, ya tsefe gemu, ya tsettsefe yatsu, ya sami sahun gaba. Ba duk dillalai ke haka ba, akwai waɗanda makiyaya ke bar wa garke su koma gida hankali kwance. Amma duk mai shiga kara ya san wannan wasa, ya kuma san sunan da ake kiransa da shi: iya kasuwa.

Kada a yi saurin kiran wannan yaro munafuki. Abubuwa huɗu ya aikata a cikin sa'a guda, ɓoye aibin kaya, tayin ƙarya don a zuga mai saye, rantsuwa a kan ƙarya, da cin amanar wanda ya wakilta shi, kuma kowanne yana da suna da hukunci a littattafan fiƙihun Malikiyya da ke jibge a zaurukanmu. Sai dai yaron bai taɓa kaiwa shafin ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san tsarin: a fara da Ƙawa'idi, a shiga Ahalari, wanda ke kan tsarki da salla har zuwa ƙabli da ba'adi, a wuce Ishmawi, a ƙara da azumi. Babin ciniki sai an kusa ƙarshen Iziyya, ko an yi nisa a cikin Risala. Magabata ba su yi kuskure da wannan jeri ba, domin sun tsara shi ne don ɗalibin da zai shekara goma yana durƙuso gaban malami. Ɗalibin yau kuwa yana shekara goma sha biyar ya fara bin yayansa kasuwa, ko ya karɓi babur ya shiga acaɓa, ko ya tafi ci-rani. Ya bar makaranta yana gwanin abin da ke warware alwala, bai taɓa jin abin da ke ɓata ciniki ba. Makarantun Islamiyya na zamani ma, da tajwidinsu da hadisansu arba'in, kaɗan ne ke zaunar da ɗalibi su koya masa hukuncin bashi da jingina da haɗin gwiwa da ijara. Alhali Ahalarin da kowa ya karanta tun a farkonsa ya kafa ƙa'idar sanin hukunci kafin aiki, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, akwai kuma sura sukutum da ta ɗauki sunanta daga masu tauye mudu.

Kakanninmu fatake sun fahimci wannan fiye da mu, kuma da shi suka yi arziki. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro ba su da banki, ba su da lauya, ba su da 'yan sandan da za su bi musu bashi a ƙasar da ba tasu ba. Jarinsu na farko amana ce, kuma masallacin zango ne ke tsaron wannan amana. Wani mai nazarin al'umma, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ake sayar wa mahauta Yarabawa shanun Arewa bashi, babu takarda babu sa hannu, sai kalmar maigida da dillalinsa, dukiya mai yawa tana yawo a kan magana kawai. Ya kuma lura cewa shigar mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a shekarun 1950 ta ƙara ɗaure wannan yarda, domin mutumin da kuke zama wazifa tare kullum da yamma yana jin nauyin ya cinye maka kuɗi. Haka Alhazan Maraɗi suka ginu, haka gidan Alhassan Ɗantata ya ginu a Kano. Ba ina cewa mutanen da waliyyai ba ne, su ma an yi macuta a cikinsu. Amma a wurinsu mutumin da ya ci amana ya zubar da addininsa a idon jama'a ko da goshinsa ya yi baƙi da sujada. Yau muna iya yi wa mutum shaidar addini saboda tsawon wandonsa ko carbin wuyansa, alhali babu mai yarda ya ba shi ajiyar buhun gero.

Matashin yau kuma yana fuskantar tambayoyin da fatake ba su sani ba, kuma yawanci shi kaɗai yake fuskantarsu. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, an wayi gari ana sayar da naira da naira: ka tura dubu goma ta waya, a miƙo maka dubu takwas ko ƙasa da haka. Masu na'urar POS, waɗanda akasarinsu samari ne da 'yan mata, sun tsinci kansu a tsakiyar mas'alar riba tsantsa, wasu suna jin zuciyarsu ba ta kwanta ba, ba su san inda ladan aiki ya tsaya riba ta fara ba. A bakin iyaka ɗan canji yana musayar sefa da naira, shari'a ta ce irin wannan musaya hannu da hannu ake yin ta, to yaya hukuncin yake idan an tura kuɗi ta waya sabis ya riƙe su har gobe, farashi kuma ya motsa? A 2024 samari sun kwana suna dannan waya da sunan haƙar kirifto, Hamster Kombat da 'yan uwansa, suna tambayar halal ne ko haram, amsar da suka fi samu ita ce gajeren bidiyo na wani yana halattawa, wani yana haramtawa, babu mai zama ya bayyana musu dalili. Ga cacar ƙwallo da ta shigo cikin waya, ba sai an je shago an ji kunya ba. Ga manhajojin bashi masu ruwa. Waɗannan su ne wuraren da imanin ɗan shekara ashirin da biyar ke tsayuwa ko ya faɗi, a cikin ɗaki, da dare, babu mai gani. Kuma su ne wuraren da muryar malami ta fi rauni.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, wa'azi ba ya cika ciki. Ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ne ke ciki a Najeriya, ta kuma sa Jigawa a jerin jihohi biyar da abin ya fi tsanani, da fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'arta. Mutanen kan iyaka kuwa sun sha nasu na daban. An rufe iyakoki a watan Agustan 2019, a watan Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a buɗe Maigatari ba sai Disambar 2020 tare da Seme da Illela da Mfum. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. Yaron da sana'arsa ta mutu sau biyu cikin shekara biyar ba da laifinsa ba, da wane baki za a ce masa ya bar dubu biyar ɗin da zai samu ta hanyar tayin ƙarya? Na ɗauki wannan hujja da nauyinta, kuma duk malamin da zai yi wa matasa wa'azin gaskiya a ciniki alhali bai taɓa buɗe baki a kan masu sace dukiyar jama'a ba, ya sani yaran suna lura. Amma a duba wanda ake cuta. Makiyayin da aka rage wa kuɗin sa ba attajiri ba ne. Matar da ta auno gero da mudun da aka bubbuge gindinsa ba matar gwamna ba ce. Algus a ƙasar talakawa talaka ne ke cin naman talaka, kuma kowane zagaye yana ƙara tsadar yarda, har ta kai babu mai ba saurayi kaya bashi ya je ya sayar ya kawo, wanda kuwa ita ce ƙofa ɗaya tilo da marar jari ke shiga kasuwa ta cikinta. Talauci bai sauke wa kowa karatun hukuncin ciniki ba, ya ma ƙara wajabta shi. Fiƙihu kansa ya san lalura, ya yi mata babi, ya kuma yi mata iyaka, kuma gara yaro ya koyi iyakar a gaban malami da ya yanka wa kansa ita a bakin kasuwa.

Batun fasa-ƙwauri ya fi kowanne nuna irin raunin muryar malami da nake magana a kai. Layin da ya raba Maigatari da ƙasar Dungas da Magarya Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi a farkon ƙarni na ashirin, ya bi ta tsakiyar dangi, ya raba wa da ƙane, ya raba gona da rijiya. Saurayin da ya ɗaure jarkoki shida a babur, biyu a gaba huɗu a baya, ya bi ta cikin yashi da duku-duku, bai ɗauki kansa mai laifi ba, a ganinsa kawunsa yake kai wa kaya. Idan ya tambaya, wani malamin ya ce masa bin dokar shugaba wajibi ne, ya tsaya nan. Wani ya ce dokar Nasara ce, ba ruwan Allah da ita, shi ma ya tsaya nan. Duka amsoshin biyu sun yi gajarta, kuma ta biyun tana da haɗari, domin yaron da aka gaya wa cewa iyaka ba komai ba ce bai ga bambanci tsakanin buhun gero da katan ɗin tiramadol ba, duka kaya ne, duka ana biyan kuɗin dako. Alhali bambancin ya kai nisan sama da ƙasa. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da su, kuma a watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan an ga ɓarnar da ya yi a Arewa. Wanda ya ɗauko ƙwaya ya shigo da ita ƙannensa yake kashewa, ko akwai kwastan ko babu. Akwai kuma cin hancin da ake miƙawa a shinge, da ƙaryar da ake yi a kan abin da ke cikin buhu, da jefa rai cikin halaka a kan babur mai ɗauke da fetur. Kowanne da hukuncinsa daban. Matashi ya cancanci a warware masa su ɗaya bayan ɗaya, da harshen da yake ji, daga bakin wanda ya san hanyar da farashin jarka.

Daga wani ɓangaren kuma akwai masu cewa addinin ma ya yi yawa, abin da matasan Jigawa ke buƙata shi ne sana'a da ilimin zamani da jari, a bar maganar imani ta zama tsakanin mutum da Ubangijinsa. Suna nuni da samarin da ke zaune a majalisa suna cewa arziki na Allah ne, ba su nema ba. Wannan zaman ba tawakkali ba ne, kuma mutanen da ke sayar da raƙuma sun fi kowa sanin cewa umarnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne a ɗaure raƙumi tukuna sannan a dogara. Amma masu wannan ra'ayi su ma su dubi abin da ke hana kayanmu shiga kasuwar duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin fiya-fiyar da ake zazzagawa a buhu don kada ya yi ƙwari, wanda kuma mu ne muke cin ragowar. Meziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa dakatar da saye na shekaru saboda ƙwarin da aka gani a kaya. Mai sayen riɗi a Japan ko Turkiyya ba ya ganin fuskar wanda ya cika buhu a Gagarawa, abin da ya sani kawai shi ne ko akwai yashi a ƙasan buhun ko babu. Ana iya kawo injin tacewa da ɗakin gwaji, kuma ya kamata a kawo, amma babu gwamnatin da za ta iya ajiye ma'aikaci a kan kowane buhu. Abin da ke tsare buhu a lokacin da babu mai gani shi ne abin da ke cikin zuciyar mai cikawa, kuma a ƙasar Gumel harshen da zuciya ta fi ji shi ne na halal da haram. Wanda ke son yankin ciniki na Maigatari ya tashi, ba shi da abokin aiki da ya wuce malamin da zai sa yaro ya ji cewa zuba yashi a riɗi zunubi ne kamar shan ruwa da rana a watan azumi.

'Yan mata ma suna cikin wannan magana tsundum, ko da yake ba a cika tunawa da su ba. Budurwa ko amarya a yau tana kasuwanci daga ɗaki, tana saka hoton atamfa da turaren wuta da kayan kicin a WhatsApp, tana karɓar kuɗi kafin kaya su iso, tana riƙe adashen mata ashirin, tana ba da kaya a biya kaɗan-kaɗan da ƙarin farashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mas'ala ce ta fiƙihu: sayar da abin da bai zo hannu ba, hoton da ya fi kayan kyau, uwar adashen da ta juya kuɗin mutane. Amma karatun da ake yi wa mata a Islamiyya ya fi karkata ga jini da biki da biyayyar aure, kamar dai ba su taɓa riƙe kuɗi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa a Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Jajin wannan zamani tana buƙatar ta san hukuncin adashe da na saye da sayarwa ta waya.

Wasu za su ce to a ƙarfafa Hisba. Ina goyon baya, da sharaɗin a tuna asalin aikin. A tarihin Musulunci muhtasibi ma'aikacin kasuwa ne kafin komai, mai duba mudu da sikeli, mai hana algus da ɓoye abinci. Hisbar da ta san askin samari da kayan 'yan mata amma ba ta taɓa ɗaga mudu ta duba gindinsa ba ta bar babban aikinta. Duk da haka sanda ba ta isa inda nake nufi. Ɗan Hisba ba ya shiga cikin waya da ƙarfe biyun dare, ba ya tsayawa tsakanin dillali da makiyayi lokacin da ake raɗa. Nan aikin tarbiyya ne, kuma a nan ne nake ganin malamanmu, na Izala da na ɗariƙu baki ɗaya, suna da bashin da ba su biya ba. Tun kafuwar Izala a Jos a 1978 an kashe ƙarfi mai yawa a kan ƙabalu da sadalu, da maulidi, da wanda za a bi salla da wanda ba za a bi ba, yanzu kuma rigimar ta koma Facebook da TikTok, inda yaro ke zagin malamin da ya girmi ubansa yana ganin jihadi yake yi. Ba na raina mas'alolin aƙida. Amma babu saɓani tsakanin Ba'izale da Batijjane da Baƙadire a kan haramcin tauye mudu, ko cin bashi da niyyar ƙin biya, ko rantsuwar ƙarya. Filin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne aka bari ya yi ciyawa, saboda ba ya tara jama'a, ba ya kuma sa a yi kabbara.

Akwai kuma abin da ya fi hukunci zurfi. Saurayin da ya kai shekara talatin bai yi aure ba saboda lefe da kuɗin ɗaki sun fi ƙarfinsa, wanda ya gama Kwalejin Ilimi ta Gumel takardarsa na cikin akwati, wanda ya ci bashi ya sa a kirifto kuɗin suka narke, wanda ya fara shan ƙwaya don ya iya lodin buhu daga safe zuwa dare yanzu kuma ya kasa bari, duk suna zuwa masallaci, suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mu. Da yawansu sallar ce kaɗai igiyar da ta rage a hannunsu, ita ke tashe su da asuba, ita ke hana su yanke ƙauna. Idan abin da suke ji daga mumbari kullum shi ne tsinuwa ga 'yan ƙwaya da lalatattun yara, za su ci gaba da zuwa da jikinsu, su ɓoye ciwonsu a waje. Addinin da ya san tuba, ya san mayar da haƙƙi, ya sa mai bashi cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su, yana da abin da zai ce wa irin waɗannan fiye da tsawa. Kwamitocin zakka na masarautunmu suna iya fitar da saurayi daga bashi su ɗora shi a kan sana'a, limamin unguwa kuma yana iya zama mutumin da yaro zai je wa da maganar da ba zai iya gaya wa mahaifinsa ba, in dai ya tabbata ba zai ji ta a huɗuba ba.

Saboda haka ina kira ga limaman Juma'a da malaman zaure da shugabannin Islamiyyu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Allah ya gafarta malamai, ku jawo babin ciniki gaba. Kada ku jira ɗalibi ya kai Risala, domin kasuwa za ta riga ku ɗauke shi. A fitar da hukunce-hukuncen dillanci da bashi da canji da awo cikin Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, a karantar da su a rumfar sarkin kara da tashar 'yan acaɓa da ajin matan aure. Mai Martaba Sarkin Gumel da hakimansa suna da ikon tara malaman ɓangarori a kan wannan, tunda babu mai saɓani a kansa. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, washegari kuma Juma'a ce, mutanen da suka yi ciniki jiya su ne zaune a gabanku yau da la'adar a aljihu. Ku yi musu huɗuba a kan abin da ya faru a kara.